Kwana biyar a Ayislan, bayan shekara goma da aure

Ranar Juma'a 5 ga Disamba 2014 aka ɗaura mana aure a Kano, bayan an sauko daga masallaci. Tun daga ranar har zuwa ƙarshen 2024 ban taɓa yin tafiya daga ni sai maigidana ba. Mota mun sha hawa tare, jirgi ma mun hau, amma kullum da dalili: biki a Zariya, gaisuwar rasuwa a Haɗeja, sai kuma babbar tafiyar da ta kawo mu Ingila a 2021, ni da takardar aikin jinya, shi da yara biyu da akwatuna shida. Ko da yaushe akwai wani a kujerar baya.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna min hoto a wayarta, muna hutun tsakar dare a asibiti. Sama ce baƙa wuluk, wani koren haske ya ratsa ta kamar an shanya mayafi. Ta ce a Ayislan ta ɗauka, hasken arewa ake ce masa. Da na koma gida na nuna wa Abban yara, ya duba ya miƙo min wayar bai ce uffan ba. Haka yake. Sai bayan wata biyu, muna shan shayi, ya ce, "Hajiya, in Allah ya kai mu Disamba shekararmu goma ke nan. Ki nemi hutun mako guda."

Da na gaya wa Umma a waya sai ta yi shiru, can ta ce, "Ƙasar ƙanƙara kuma? Ku da kuke cikin sanyi, wani sanyin za ku je nema? Ba gara ku ƙara kuɗin ku je Umara ba?" Maganarta tana da hujja, na kwana biyu ina juya ta a raina. Maigidan ya kira ta da kansa, ya ce Umara tana nan cikin niyya in sha Allah, amma wannan wani haƙƙina ne da yake jin ya daɗe a wuyansa. Umma ta sa mana albarka, ta ce a kula da sallah.

Biza ce farkon aiki. Ayislan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tun 2001 tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka mai fasfon Najeriya sai ya nemi biza ko da kuwa a Ingila yake zaune. A watan Satumba muka fara tara takardu. Kowa ya cike fom nasa a intanet, muka haɗa da hoto, da wasiƙar wurin aiki mai nuna an ba mu hutu kuma za mu dawo bakin aiki, da bayanan asusun banki na wata uku, da tikitin zuwa da dawowa, da shaidar inda za mu kwana a kowane dare. Akwai inshorar lafiya, wadda dole ta kai ta yuro 30,000 kuma ta yi aiki a duk ƙasashen Shengen. Fasfo kuma sai yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar fitowa, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Kuɗin bizar yuro 90 ne kowane mutum, domin a watan Yuni na shekarar aka ƙara shi daga 80, ban da abin da cibiyar karɓar takardu ke caja na aikinta.

Abin da ya hana ni barci shi ne katin zamanmu na Ingila. A lokacin duk irin katunan nan an buga musu 31 ga Disamba 2024 a matsayin ranar ƙarewa, saboda ana mayar da izinin zama zuwa intanet. Wanda ya kalli katin kawai sai ya ɗauka saura mana mako uku a ƙasar bayan mun dawo. Maigidan ya zauna ya buɗe mana asusun, ya bugo shafin da ke nuna ainihin wa'adin izininmu, muka sa a saman takardun. Ranar da aka ba mu muka je, aka ɗauki zanen yatsunmu, aka karɓe fasfunan. Kwana goma sha biyu ina duba waya. Ranar da ambulan ɗin fasfunan ya iso ina wurin aiki, sai ga saƙonsa, kalma ɗaya tak: Alhamdulillahi.

Kuɗin tafiyar kwasar adashena ce ta watan Oktoba, da abin da ya tara daga ƙarin awannin aiki. Yara kuma wata 'yar'uwa maƙwabciyarmu, mutuniyar Katsina, ta ce a kawo mata su, ta haɗa da nata ta riƙa kai su makaranta. Ba don ita ba da tafiyar ba ta yiwu ba.

Saura kwana goma sha biyu mu tashi, ranar 20 ga Nuwamba, ƙasa ta tsage kusa da garin Grindavik, wuta ta fara ambaliya. Washegari narkakken dutse ya malale wurin ajiye motoci na Blue Lagoon, tafkin ruwan ɗumin nan da kowane baƙo ke son zuwa. 'Yan'uwa suka yi ta turo mana bidiyo suna cewa a fasa. Muka bi labarin a hankali, muka ga tun Disamba 2023 ake irin wannan a yankin, an kwashe mutanen Grindavik tun Nuwamban shekarar, kuma filin jirgin Keflavik, inda za mu sauka, yana aiki, jirage suna sauka suna tashi. Shi kuwa tafkin dama ba ya cikin lissafinmu. Maza da mata tare suke shiga, ni kuma ba zan iya ba. Abin da muka yi tun farko shi ne kama wani ɗan gidan katako a karkara, gabas da garin Selfoss, mai kwarmin wankan ruwan zafi nasa na kansa a bayan gida, an kewaye shi da katanga. Irin gidajen nan suna da yawa a can. Duk 'yar'uwar da ke son zuwa ƙasar, wannan ce shawarata ta farko gare ta.

Litinin 2 ga Disamba muka tashi daga Manchesta. Tafiyar ba ta cika awa uku ba, agogo ma bai canza ba, don da sanyi lokacinsu ɗaya da na Ingila, Najeriya ce ke gaba da awa guda. A wurin hayar mota wani matashi ya zagaya da mu, ya nuna mana tayoyin, duk da ƙananan ƙusoshi a jiki saboda santsin ƙanƙara. Ya ce fitila a kunne take dare da rana, doka ce. Gudu a kan kwalta ba ya wuce kilomita 90, a tsakuwa 80, cikin gari 50. Sannan ya dafa ƙofar motar ya ce mu riƙe ta da hannu biyu duk lokacin da za mu buɗe, domin iskar ƙasar tana fizge ƙofa ta karya ta, kuma inshora ba ta biyan wannan. Maigidan ya zauna a mazaunin direba, sitiyari a hagu, tuƙi a hannun dama. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce, "Kamar a gida."

Kusan kilomita 50 ne zuwa Reykjavik, babban birnin ƙasar. Duhu ya riga ya yi, amma can hannun dama, nesa, sama ta yi wani ja kamar an sa wa daji wuta bayan girbi. Muka yi ta tasbihi har muka shige.

Safiyar farko ita ta fara koya mana ƙasar. Manhajar sallah ta nuna asuba wajen ƙarfe 8 saura, muka yi, alƙibla gabas da ɗan karkatawa kudu. Muka karya, muka yi wanka, muka ɗaure kaya, har ƙarfe 10 gari bai waye ba. Yara suna tafiya makaranta da riguna masu ƙyalli cikin duhu, kowace taga da fitilu bakwai a jere kamar tsani. Rana ba ta leƙo ba sai wajen 11, kuma da ta fito ba ta hau ba. A can hantsi ba ya duban ludayi a wannan wata. Rana takan ɗaga kamar tsayin mashi, ta bi gefen sama a kwance, kafin ƙarfe 4 ta faɗi. Tsakanin azahar da la'asar bai kai awa guda ba, magariba kuma tana biye. Da yake matafiya ne mu, muka riƙa yin ƙasaru muna haɗawa. Yawanci a gefen mota muke yi, shi a gaba ni a baya, a kan darduma ɗaya da bargon da muka ɗauko, goshi yana taɓa sanyin da ban taɓa jin irinsa ba. Alwala kuwa tun daga gida muke riƙo ta.

Ruwan zafin famfo yana warin farar wuta, kamar dafaffen ƙwai da ya kwana. Daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi da zafinsa, da shi ake ɗumama kusan gida tara cikin goma a ƙasar. Na sanyin kuma ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba, ko kwalba ɗaya ba mu saya ba. Abinci a gidan cin abinci yana da tsadar da sai ka sake duba takardar, don haka kafin mu bar birni muka shiga kantin Bonus muka yi cefane: shinkafa, dankali, albasa, ƙwai, kifi, burodi, da skyr, wani kindirmonsu mai kauri. Hoton alade ne a allon kantin, asusun tara kuɗi ake nufi, kada ya firgita kowa. Abin da za a kiyaye shi ne naman da ake sa wa a burodi a bakin titi, wanda kowa zai ce sai ka ɗanɗana, domin akwai naman alade a haɗinsa. Mu kifi muka riƙe har muka dawo, da yajin da na ƙullo da citta da kanumfari na shayi. Takardar kuɗinsu, krona, ko sau ɗaya ba mu taɓa ta ba. Har kuɗin ajiye mota da na banɗaki da kati ake biya, gidan mai ma kai za ka zuba da kanka ka danna lambar sirri.

Da hasken awa biyar ba a yawo barkatai. Mun koyi fita cikin duhu domin fitowar rana ta same mu a inda za mu. Ranar Talata ta same mu a Thingvellir. A nan mutanen ƙasar suka fara zaman majalisarsu a shekara ta 930, a fili, ƙarƙashin wani dutse, a nan kuma suka ayyana jamhuriya ranar 17 ga Yuni 1944. Ƙasa ce ta rabe biyu a wurin. Farantin dutsen ƙarƙashin ƙasa da ke ɗauke da Amurka ta Arewa da wanda ke ɗauke da Turai da Asiya suna janyewa daga juna, kamar santimita 2 a shekara, sai ga wani dogon lungu tsakanin bangaye na baƙin dutse, mutane suna tafiya a ciki. Mun ɗaura wa takalmanmu ƙarafuna masu haƙora saboda santsi, duk da haka ya kama hannuna. A Kano ba mu taɓa tafiya hannu cikin hannu a waje ba, a Ingila kuma hannuwan duka na yara ne. Har muka fita daga lungun bai saki ba.

A Geysir mun tsaya mun ga Strokkur, rijiyar da ke tafasa ta yi tsiri sama kamar mita 20 duk bayan 'yan mintuna. Sau uku muka kalla muka wuce, don rana ta fara sunkuyawa. Gullfoss ce ta tsayar da ni. Kogin Hvita ne yake faɗowa hawa biyu, mita 11 sannan mita 21, ya shige wani tsagi ya ɓace wa ido, gefe da gefe duk feshin ya daskare ya zama farin gini. Akwai dutsen tunawa da wata mata a wurin, Sigridur Tomasdottir, 'yar wani manomi, wadda ta yi tsayin daka a farkon ƙarnin da ya wuce don kada a tare ruwan a yi lantarki da shi. Da dare, dattijuwar da ta ba mu hayar gida ta bayyana min sunan: Sigridur 'yar Tomas. Ta ce a wurinsu ɗa da 'ya da sunan uba ake kiransu, mace kuma ba ta sauya suna don ta yi aure. Na ce mata mu ma haka muka gada, sunan mahaifina nake amsawa har gobe. Ta yi murna ƙwarai da jin haka.

Ita ce kuma ta koya mana karanta taswirar hukumar yanayi a vedur.is. Inda aka shafa kore gajimare ne, inda yake fari nan sama take a buɗe, kuma akwai ma'auni daga 0 zuwa 9 na ƙarfin hasken arewa. Ta ce kada lambar ta dame mu, ko 2 ko 3 ya isa a ƙasarsu, gajimare shi ne abokin gaba. Ta ce kowace safiya mu duba yanayin hanya kafin mu tayar da mota, in an sa gargaɗin iska mu zauna a gida, lambar gaggawa kuma 112. Daren Talata taswirar duk kore ce. Na leƙa taga ya fi sau goma.

Laraba muka bi Hanya ta 1 zuwa gabas. Dawakai gajeru masu gashi buzu-buzu suna tsaye cikin dusar ƙanƙara sun juya wa iska baya. Maigidan jikan masu hawan sallah ne, sai da ya tsaya ya kalle su da kyau. An hana shigo da doki ƙasar, wanda ya fita kuma ba ya dawowa, saboda tsoron cuta. Muka wuce ƙarƙashin Eyjafjallajokull, dutsen da tokarsa ta tsayar da jiragen Turai a Afrilun 2010. Seljalandsfoss da Skogafoss kowanne ruwa ne mai faɗowa daga tsayin mita 60, na farkon siriri, na biyun faffaɗa mai rugugi. A Reynisfjara yashin bakin teku baƙi ne kamar garin gawayi, ga duwatsu a tsaye masu kusurwa shida kamar an sassaƙa. A mashigar akwai fitilar gargaɗi, ranar ruwan ɗorawa ta nuna. Tekun wurin yana da wata ɗabi'a: sai ya yi lamo, can sai igiya guda ta taso ta wuce inda sauran suka tsaya, ta ja mutum. Ta ci rayuka. Na ga masu ɗaukar hoto sun juya mata baya, hankalina ya tashi, na ce mu koma sama.

Ana gab da magariba muka shiga Vik, ɗan ƙaramin gari mai coci fara da jan rufi a kan tudu. An ce in dutsen Katla, wanda ya yi babban amansa na ƙarshe a 1918, ya narkar da ƙanƙarar da ke kansa ruwa ya taho, tudun nan mutanen gari za su gudu. Muka hau don mu ga garin daga sama, muka ajiye mota kusa da maƙabartarsu. Duhu yana sauka sai fitilu suka bayyana. A watan Disamba mutanen ƙasar suna sa wa kaburburan 'yan'uwansu fitila, kowane kabari da tasa, ga suna a rubuce, ga shinge. Addininmu daban, al'adarmu daban, ba kuma sha'awar yin irin nasu ce ta kama ni ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kowa a garin nan ya san inda nasa yake kwance.

Ban san lokacin da na ce, "Abban yara, a ina take?" ba.

'Yarmu ta fari an haife ta a Oktoban 2015. Kwananta tara a duniya. An yi suna ranar bakwai, shawara ta kama ta, kafin a ankara ta yi nisa. Ina gidanmu ina jego aka karɓe ta daga hannuna, aka yi mata wanka, aka naɗe ta, maza suka fita da ita. Mata ba sa bin gawa. Masu gaisuwa suka yi ta cewa sai haƙuri, Allah ya sa mai ceto ce, Allah ya kawo masu albarka. Na amsa da amin. Ga kunyar 'yar fari, ga gudun kada a ce ban yarda da ƙaddara ba, sai na haɗiye. Shi ma ya haɗiye. Shekara tara ba mu taɓa zama mun yi maganarta ba, ko sunanta ba ya fitowa a bakinmu.

Ya kashe motar. Ya daɗe yana kallon gaba, sannan ya fara magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce a Ɗandolo take, ta wajen Goron Dutse. Ya ce ba a sa ta a makara ba, a 'yar tabarma aka naɗe ta, shi ya rungume ta a bayan motar yayansa, kuma rashin nauyinta shi ne abin da har yau yake ji a hannunsa. Ya ce shi ya shiga ya kwantar da ita, ya juya fuskarta alƙibla, aka jera itace, aka rufe. Ya ce duk Juma'a bayan masallaci yana zuwa, har ranar da muka bar ƙasar, kuma duk damina yakan ba wani mai kula da wurin ɗan abin hasafi ya ƙara ƙasa. Yanzu ƙaninsa ke zuwa. Ni duk shekarun nan na ɗauka ya manta, ko kuwa abin bai taɓa shi kamar yadda ya taɓa ni ba. Shi kuma ya ɗauka in ya tayar da maganar zai fama min ciwo.

Ya jawo takardar hayar mota, ya juya bayanta, ya zana min: ga ƙofar da ake shiga, ga hanyar da ta miƙe, ga darbejiya ta uku a hannun hagu, taku goma sha biyu daga gindinta. Ya sa ɗan ɗigo. Muka yi mata addu'a, muka yi wa iyayenmu da suka rigaye mu. Muka yi magariba da isha a nan gefen mota, iska tana kaɗa mayafina. Tafiyar komawa kusan awa biyu ce cikin duhu, ba mu kunna rediyo ba.

Alhamis, ranar cikar shekara goman, iska ta tashi tun asuba, gidan katakon har ƙara yake yi. Mun so mu je ganin wani gidan gona da ake noman tumatir cikin gilashi da zafin ƙasa, muka bi maganar dattijuwa muka fasa. Na dafa shinkafa da miyar kifi, na zuba yaji, muka ci a faranti ɗaya. Ya ba ni zobe, na ba shi rigar ulu irin tasu mai zane a wuya, wadda na saya a ɓoye a Vik. Muka kira yara, muka kira Umma da Hajiyarsa. Sauran yinin hira muka yi, irin wadda ba a yi sai an san babu mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Wajen ƙarfe 9 na dare iskar ta kwanta. Na duba taswira, yankinmu ya yi fari. Muka buɗe murfin kwarmin wankan, tururi ya tashi, muka shiga, ruwan yana kusan digiri 39, gashin girata yana daskarewa. Da zafin ya ratsa ni sai jikina ya tuna abin da na daɗe ina kauce wa. Na gaya masa nawa ɓangaren. Na ce bayan an fita da ita ba a daina min wankan jego ba, safe da yamma Gwaggo tana tafasa ruwa a garwa tana fyaɗa min da ganyen darbejiya har na cika arba'in, ina shan kunun kanwa, nono yana zuba, babu mai sha. Na ce a bayan gidan nan kaɗai nake kuka, don tururi yana rufe fuska. Bai ce min in yi haƙuri ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya kira sunanta, cikakke, kamar yadda liman ya faɗa ranar suna. Ni ma na kira.

Muna nan zaune ya ce in ɗaga kai. Da farko wani fari-fari ne kamar siririn gajimare ta arewa, har na yi shakka. Na san kyamara ta fi ido ganin launinsa, na kuma shirya wa hakan a raina. Sai ya fara motsi. Ya yi kore, ya miƙe daga wannan gefen sama zuwa wancan, ya naɗe ya warware, ƙasansa ya ɗan yi ja-ja. Masana sun ce ƙwayoyi ne daga rana suke karo da iskar da ke sama da mu da kilomita 100 ko fiye, kuma shekarar 2024 ta dace da lokacin da rana ta fi tashe a zagayenta na shekara 11. Na san wannan tun kafin mu zo. Amma a lokacin ba abin da bakina ya iya sai Subhanallah. Ya yi kamar minti ashirin ya dushe. Wayoyinmu suna cikin ɗaki, ba wanda ya tashi ɗaukowa.

Juma'a muka koma Reykjavik. Muka nemi masallacin da ke titin Armuli, a saman wani bene mai kama da ofis, ba hasumiya ba kubba. Larabawa, 'yan Afirka, 'yan Asiya, da 'yan ƙasar da suka musulunta, sahu bai fi 'yan kaɗan ba. Wata baiwar Allah a ɓangaren mata ta matsa min wuri, muka gaisa da sallama, ita ce kaɗai kalmar da muka haɗa. Bayan nan muka zaga gari da sauran hasken, muka ga doguwar cocin Hallgrimskirkja mai mita 74 da rabi, muka sayi alewa da 'yan tsana na tumaki don tsaraba. Asabar da asuba muka cika tanki, muka mayar da mota. Matashin ya karɓi makulli ya nemi takardar hayar, maigidan ya ce masa in ba damuwa muna so mu riƙe ta. Ya ce ba komai, suna da ita a kwamfuta.

Tana cikin jakar fasfona yanzu. Bayan mun dawo da kwana biyu ina kwance kaya a falo, babban ɗanmu mai shekara bakwai ya ɗauke ta yana juyawa. Ya ce, "Mama, wannan taswirar Ayislan ce?"

Na dubi babansa, ya gyaɗa min kai. Na ce, "A'a, Kano ce. Zo ka zauna nan kusa da ni. Kana da yaya mace."